Maharazu Mai Birki da Motar Surukai

A layin makanikai na bayan tasha a Mubi kowa da abin da ya iya, kuma ba mai sa hannu a aikin wani. Akwai masu inji, da masu walda, da masu gyaran jiki da fenti, da masu waya. Rumfar ƙarshe, wadda ta jingina da bishiyar dogon-yaro, ita ce ta Malam Maharazu. Shi birki kawai yake yi. Yadda aka jera rumfunan haka mota take bin su. Sai ta gama zagaya kowa, mai ita ya gaji da jira, sannan a gangaro da ita ƙarshen layi a ce, “Malam, ɗan duba mana birki, sauri muke.”

Mahaifinsa daga Funtua ya zo da akwatin gyaran keke, ya zauna a Lamorde, a nan aka haifi Maharazu. Da robar birkin keke ya fara, daga nan babur, daga nan mota. Yanzu gemunsa ya yi fari, yatsu biyu na hannunsa na hagu sun lanƙwashe tun ranar da jak ya zame masa yana saurayi. Ba shi da yawan magana, sai ƙorafi ɗaya da duk wanda ya taɓa zama a bencinsa ya ji. Ya ce mutum zai tara jama'a su saurari kukan sabon injinsa, amma shi bai taɓa ganin wanda ya kira maƙwabta su zo su ga yadda motarsa take tsayawa ba.

Fitar da iska daga bututun man birki aikin mutum biyu ne, ɗaya a kujerar direba yana takawa, ɗaya a ƙarƙashi da sifana. Shekaru da dama 'yarsa Hussaina ce take hawa kujerar idan ta kawo masa abinci bayan makaranta. Shi yana ƙasa yana cewa, “Taka. Taka. Riƙe. Saki,” ita tana bi. A haka ta san kukan mota. Ta girma ta buɗe shagon ɗinki, ta kuma zaɓi mijin da take so, Abdulhakeem, ɗan Alhaji Bobboi dillalin shanu na Sahuda. Maharazu bai ga aibu ba a yaron ko a gidan. Motar gidan ce ta hana shi sukuni.

Doguwar mota ce baƙa, tsohuwar ƙirar Turai, kujerun fata, gabanta da katako mai sheƙi. Mahaifin Alhaji Bobboi ne ya saye ta a hannun wani babban ma'aikaci da ya yi ritaya, tun Bobboi yana bin shanu da sanda. Ana kiranta Dattijuwa. Shekarar da rikici ya sa aka gudu daga Mubi, a ƙarƙashin tulin karan dawa aka ɓoye ta, aka dawo aka same ta lafiya. Al'adar gidan kuma ita ce duk amaryar da za a kawo, a cikinta ake kawo ta. Matan Alhaji a cikinta suka zo, haka matan ƙannensa.

Waɗanda suka ƙera ta sun auna komai. Sun ba ta injin da zai ja nauyinta a natse, suka ba ta birkin da zai riƙe wannan nauyin a wannan gudun. Amma shekaru sun wuce, kuma kowane gwani a layin ya yi mata alheri gwargwadon iyawarsa. Da injinta ya gaji, Murtala mai inji ya sa mata na wata motar ɗaukar kaya, haɗe da giyarsa, mai ƙarfi fiye da nata. Da ƙasanta ya yi tsatsa, Kalibu mai walda ya shimfiɗa mata farantin ƙarfe mai kauri. Ya ƙara wani a ƙarƙashin inji saboda duwatsun hanyar Sahuda, ya yi mata bamba ta bututun ƙarfe gaba da baya saboda masu Keke mai ƙafa uku. Lokacin wahalar mai aka ƙara mata tanki na biyu a but, wurin kaya na baya. Da bayanta ya fara zama, aka ƙara mata safirin, ƙarfen da ke tallafe nauyi, ta miƙe, kowa ya ce ta warke. Ba wanda ya yi aikin banza a cikinsu. Birkinta ne kawai yake nan yadda ya zo, domin ba a taɓa jin yana ƙara ba.

Ana saura 'yan makonni biki Alhaji ya aiko da ita a wanke mata ciki. Ta kwana biyu wajen Murtala, ta wuce wajen mai fenti, daga ƙarshe ta iso ƙarƙashin dogon-yaro. Maharazu ya sa mata jak ɗin da ya saba ɗaga irinta da shi, jak ya ɗaga kaɗan ya tsaya yana tsiyayar da mai. Ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallonta.

Washegari ya ari buhunan masara wajen wani maƙwabcinsa, ya jera su a kujerun, kowane buhu a madadin mace ɗaya 'yar rakiya. Ya kira Kalibu.

“Zo ka raka ni mu gwada aikinka.”

Kalibu, wanda dattijo ne mai faɗin ƙirji da son dariya, ya buga ƙofar motar da tafin hannu. “Ka ji sauti? Motan nan ko tirela ya buge shi, tirela ne zai je asibiti.”

“Shiga dai.”

Hanyar Sahuda tana da hawa da sauka. Akwai wani dogon gangare da yake sauka zuwa mayo, wato rafi, inda hanya ta matse kuma shanu suke tsallakawa da yamma. Maharazu ya shiga gangaren yadda direbobin biki suke shiga, da babbar giya, ƙafa a kan birki. Da farko ta riƙe. Zuwa tsakiya wari ya fara shigowa kamar an ƙona gashi. Ya taka, abin ya yi laushi. Ya sake takawa, ƙafarsa ta tafi har ƙasa.

“Taka mana, Bahaushe!” in ji Kalibu.

“Na taka.”

“Yesu!”

Maharazu ya cusa mata giya ta biyu da ƙarfi, inji ya yi kururuwa, ya ja birkin hannu a hankali, ya karkata ta zuwa yashin bakin mayo. Ta nutsa ta tsaya. Wani buhu ya faɗo ya daki bayan kujerar Kalibu ya fashe, masara ta cika masa wuyan riga. Hayaƙi yana fita daga tayoyin gaba. Wata saniya ta ɗaga kai ta dube su ta ci gaba da shan ruwa.

Kalibu bai yi dariya ba sai da suka kusa gari. “Wannan buhu da ya fashe, wane ne?”

“Wurin amarya ke nan.”

Maganar a bayyane take, da motar wani ce da Maharazu ya faɗe ta cikin numfashi ɗaya. Nauyi ya ƙaru, gudu ya ƙaru, birki yana zafi har mansa ya tafasa, farantin da ke ƙarƙashi kuma ya tare iskar da take sanyaya shi. Amma wannan motar surukinsa ce. Idan uban amarya ya buɗe baki ya ce motar gidan miji ba ta isa ta ɗauki 'yarsa ba, kafin la'asar Sahuda ta ji cewa bakanike ya raina gidan Alhaji Bobboi. Hussaina ce za ta zauna da wannan maganar shekara da shekaru.

Ranar kasuwar shanu Alhaji ya biyo ta layin. Dogo ne siriri, mai sanyin murya. Maharazu ya share masa benci, suka daɗe suna gaisawa, kowa idonsa a ƙasa.

“Baban amarya, yaya Dattijuwa?”

“Lafiya lau, Alhaji. Sai dai ta yi jiki. An ƙara mata nauyin bijimi guda.”

“Madalla. Motan nan nauyinsa shi ne darajansa.”

Maharazu ya sake gwadawa ta hanyar da yake ganin dillalin shanu zai gane. “Alhaji, igiyar da aka ɗaure ɗan maraƙi da ita, idan ya zama bijimi, za ta riƙe shi?”

Alhaji ya yi murmushi, ya ji daɗin an tambaye shi abin da ya sani. “Ai bijimi mai ƙiba ba ya fizga, Baban amarya. Ramamme ne mai ba da wahala.”

Maharazu ya bar zancen shanu. Ya ce akwai faifan birki mafi girma da za a iya sa mata, amma ba zai shiga cikin waɗannan ƙananan ƙafafun ba, sai an canja su. Alhaji ya dubi fararen murafen ƙafafun masu sheƙi ya girgiza kai. Ya ce mahaifinsa da hannunsa yake goge su duk Juma'a. Maharazu ya ce to ko a cire bambar bututun. Alhaji ya ce mutane sun saba ganinta da ita, za a ce an fara sayar da kayanta.

“To ko da wata motar...” in ji Maharazu.

Alhaji ya ɗago kai, karo na farko tun zamansa.

“...za a ɗauki kayan amarya. Kada a cika but.”

“Wannan daidai ne,” in ji Alhaji. Ya tashi yana sa masa albarka, ya ce shi bai taɓa ganin suruki mai kula irin wannan ba.

Bayan tafiyarsa Maharazu ya jefar da sifana, ta daki ƙarfen rumfa. Masu wucewa suka waiwayo, domin ba a san shi da haka ba.

Abin da ido ba ya gani shi kaɗai ya rage masa. Kalibu, da ya sha masara a wuya, bai yi gardama ba. Ya kwance farantin ƙarƙashin inji da tankin but, ya jingina su a bayan rumfarsa, ko da yake yana yi yana gunaguni cewa waldar da ya yi ba ta cancanci haka ba. Maharazu ya sa sabbin takalman birki gaba da baya, ya zubar da tsohon mai ya zuba sabo. Ya koma gangaren da buhunansa. Ta fi da, amma a babbar giya har yanzu tana laushi kafin a kai mayo. A giya ta biyu kuwa, inji yana riƙe ta, ta sauka lafiya ƙalau.

Ya je wajen Murtala ya roƙe shi ya rage wa injin ƙarfi.

“In rage?” in ji Murtala. “Malam, ni ƙarawa aka san ni da shi. Ranar biki motar nan ta yi sanyi a hanya, sunan wa za a kira? Kai naka aikin ba a jin sa. Nawa kowa yana ji.”

“Nawa ma ana ji, ranar da bai yi ba.”

“To gyara naka mana. Ni na taɓa zuwa na ce maka ga yadda za ka ɗaure birki?”

Maharazu ya koma rumfarsa ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya shigo layin. Ya sa hannu a aikin wani. Ya ɗaura wata 'yar ƙusa a ƙarƙashin totur, abin da ake takawa a ba mota wuta, yadda ko direba ya taka da dukkan ƙarfinsa ba zai wuce rabi ba, ya rufe da kafet. Ya san in Murtala ya gani, gaisuwa ta ƙare tsakaninsu.

Saura direba. Adi ne zai ja ta, mutumin da ya yi shekaru yana kai shanun Alhaji kudu a babbar mota, kuma yake ganin duk wata ƙaramar mota abin wasa ce. Maharazu ya saya masa shayi, ya ce idan ya kai gangaren mayo ya sa giya ta biyu tun daga sama.

Adi ya yi dariya har shayi ya zube. “Giya biyu da amarya a ciki? Mota yana gurnani kamar na ɗauko siminti? Baba, ni na sauka gangaren da ya fi wannan sau goma, da shanu cike.”

“Da wace giya?”

“Wannan daban. Wannan babban mota ne.”

“Ita ma ta zama babba, Adi.”

“To, Baba, in Allah ya yarda.” Maharazu ya san irin wannan amsar. Ya sha jin ta a bakin direbobi kafin a jawo masa motocinsu da igiya.

Uba ba ya raka 'yarsa gidan miji. Abin da yake nasa shi ne a kawo ta gabansa ya yi mata nasiha. Ranar kai amarya, bayan la'asar, aka shigo da Hussaina ɗakinsa lulluɓe, tana kuka ƙasa-ƙasa. Ya faɗa mata abin da iyaye suke faɗa, haƙuri da biyayya da tsare salla. Sannan ya ce wa matan da suka shigo da ita su ɗan ba su wuri.

“Hussaina, kin san gangaren mayo kafin Sahuda?”

Ta gyaɗa kai.

“Ki saurari inji tun daga sama. In kin ji yana kuka, ba komai. In kin ji ya yi shiru mota tana tafiya da kanta, giya biyu ake so, kuma tun kafin a yi nisa.”

Kukan ya tsaya. Daga cikin mayafin ta ce, “Baba, amarya ba ta magana a hanya.”

“Na sani.”

Ya riga ya aika ta bakin mata cewa mutum huɗu sun isa a motar. Daga bayan ƙofar zaure ya ga Goggo Hajjo, yayar Alhaji Bobboi wadda ta jagoranci masu ɗaukar amarya, tana tura mata ciki ɗaya bayan ɗaya. “Ku matsa! A motan nan ni na kawo uwar ango, mu takwas, ba wanda ya mutu.” Ita kanta ta ishi mutum biyu. Ta shiga gaba, ta ɗora kwallar cincin a cinya. Bayan motar ya zauna kamar yadda ya zauna da buhuna, har ya ɗan fi. Aka yi guɗa, Adi ya danna oda, suka tafi.

Maharazu ya fita masallaci tun ba a kira magariba ba, ya zauna da waya a aljihun gaba. Ana idar da salla ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce da ta bi 'yan rakiya, ta ce sun isa lafiya, amma akwai magana, sai ta dawo. Ya ce alhamdulillahi, ya zauna a kan tabarmar har masallaci ya watse.

Maganar Adi ne ya kawo ta da safe, ransa a ɓace. Ya ce tun daga gari motar ta kunyata shi. Ya taka, ta ƙi gudu, har masu Keke suna wuce su suna ɗaga wa amarya hannu. Da suka kai gangare ya ce bari ya sake ta ta huce haushi, ya sa babbar giya.

“Sai na ji murya daga baya, cikin mayafi. ‘Malam Adi, giya biyu.’ Na ce ko aljani ne. Goggo ta juya ta ce, ‘Wa ya yi magana?’ Sai ta ƙara, da ƙarfi, ‘Giya biyu, yanzu!’ Wallahi Baba, muryarka ce sak. Hannuna ya sa kafin in yi tunani.”

“Sai kuma?”

“Sai muka sauka muna gurnani. A bakin mayo shanu sun cika hanya, na taka, ya tsaya.”

“Ta tsaya,” in ji Maharazu.

“Ya tsaya mana. Da ma zai tsaya. Birki lafiyarsa ƙalau, duk wannan tashin hankali na banza ne.”

Maharazu ya ɗauki sifana ya shiga ƙarƙashin wata mota.

A Sahuda ba a yi zancen shanun bakin mayo ba. Zance biyu aka yi. Na farko, an kawo amaryar da take ba direba umarni tun ba ta shiga gida ba, Goggo Hajjo ta ce a shekarunta ba ta taɓa gani ba. Hussaina ta sha wannan gori har bayan sati, ko da yake an ce ango dariya ya yi ta yi. Na biyu, Dattijuwa ta tsufa, ba ta da sauran ƙarfi.

Wannan na biyun ya fi damun Alhaji Bobboi. Bai kai wata ba ya aiko da ita wajen Murtala. Murtala ya ɗaga kafet ya ga ƙusar, ya kwance ta, ya tako har ƙarshen layi ya ajiye ta a kan bencin Maharazu ba tare da sallama ba. Tun daga ranar ba su gaisa ba. Murtala bai faɗa wa Alhaji ba, domin a layin ba a kai ƙarar juna wajen mai mota. Ya dai ce ya gano matsalar, ya kuma ƙara buɗe mata mai don ta rama abin da ta rasa.

Kwana kaɗan bayan haka dutse ya daki ƙasan injin a hanyar Sahuda. Alhaji ya tambayi ina farantin nan yake, aka ce an cire don a yi masa fenti. Kalibu ya zo da kansa wajen Maharazu, yana sosa ƙeya.

“Mai mota ya ce a mayar. Da tankin. In ce masa a'a?”

“Mayar.”

“Ya ce in ƙara kauri kaɗan.”

Maharazu ya koma kan aikinsa. Yana nan a rumfarsa har yau, yana ɗaure birkin Keke da na motocin haya. Hussaina tana Sahuda lafiya, ta mayar da keken ɗinkinta can. Alhaji yana yawan aiko masa da kindirmo, yana kuma gaya wa mutane cewa surukinsa gwani ne, birkin da ya ɗaure ko shanu suka tare hanya sai ya tsaya.

Ƙanen Abdulhakeem zai yi aure bayan girbi, daga Wuro Patuji za a ɗauko yarinyar. Ranar da aka faɗa wa Maharazu, yana zaune yana ganin tartsatsin walda yana tashi daga rumfar Kalibu, Dattijuwa a kan ramin gyara. Ya tambayi wanda ya kawo labarin ko 'yar wane ce, ko ubanta direba ne, ko tana da wa bakanike. Aka ce a'a, manoma ne.

Ya jawo akwatin kayan aikinsa, ya nemo 'yar ƙusar nan, ya goge ta da tsumma ya sa a aljihu.